Neman Jirgin Roba a Yanbu

Mutumin da bai iya iyo ba ne ya kwashe ni daga Madina har Yanbu neman jirgin ruwa, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Mijina ne, Alhaji. Ya haura sittin, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma wata uku ke nan ba shi da zance sai na wani jirgin roba da ya gani a waya, irin wanda ake hura wa iska, mai dogayen robobi biyu kamar matasan kai da kujera a tsakiya. Wai da shi zai riƙa kamun kifi in mun koma gida. Aikinsa na tuƙi zai ƙare bayan Hajji, za mu tattara mu koma Yawuri, inda muka yi gini a filin da mahaifina ya bar mini. Shi Bakano ne na cikin birni. Ni 'yar Sarkawa ce, a kwalekwale na yi wayo, kuma na san mutanen da kogin nan ya ci waɗanda suka fi shi sanin ruwa nesa ba kusa ba. Na hana, bai hanu ba. Da na ga zai je ko da ni ko ba ni, sai na ɗauki abayata.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Sih, a tsohuwar motar wani abokinsa wadda na'urar sanyinta ke hura iska kamar mai ciwon ƙirji. Kafin rana ta fito sosai mun bar gari, muka shiga tsakanin duwatsun nan baƙaƙe da ba ciyawa ko ta magani. Hanya lafiya lau, ba rami, ba gargada, sai dai tsawo da sa barci. A shingen bincike aka karɓi iƙamarmu, katin izinin zama, aka duba, aka miƙo mana. 

Kusa da Badar muka tsaya a mahaɗɗa, wato gidan mai, ya sha mai, muka karya da burodin tamis da ful, dafaffen waken nan nasu. Burodin da zafinsa, wannan kam ba laifi. Shayin ne ruwa-ruwa a kofin takarda, kuma kuɗinsa ya ninka abin da na sani. Ina tauna ya sake turo mini wayar a gabana, in ga wani Bature zaune a jirgin, a tafkin da ya kwanta luf kamar ruwan randa. Na ce masa kogin Yawuri ba ya kwanciya haka ko da rani. Ya ce ai ruwa ruwa ne. Na ci gaba da tauna burodina.

Awa uku da ɗoriya muka yi. Zafin Madina busasshe ne, ya ƙona ka ya ƙyale ka. Na Yanbu kuwa jiƙaƙƙe ne, kana fita mota tufafi su manne maka a jiki. Amma da ƙarnin kifi ya bugi hancina daga wajen kasuwa, sai da na tsaya cak. Na daɗe ban ji gida ya zo mini kusa haka ba.

Shagon farko kayan wasan yara ne, agwagwar roba da tayoyin wanka, amma mai shi ya dage sai ya sayar mana da wani abu mai launin alewa. Na biyu mun tarar an rufe. Muka yi ta zagaye a rana, ƙafafuna suka kumbura, ƙuguna ya riƙe. Sai gab da azahar muka sami na uku, can bayan kasuwar kifi, cike da ƙugiyoyi da igiyoyi da akwatunan ƙanƙara. Muna shiga muna gardama, sai na ga mai shagon yana murmushi. Baƙi ne kamarmu, zai kai arba'in. Ashe yana jin duk abin da muke faɗa. Kakarsa Bakatsina ce, da ƙafa ta zo ƙasar nan, shi kuma a Yanbu aka haife shi. Hausa tana shiga kunnensa sarai, amma in zai mayar sai da Larabci, ya ɗan yayyafa mata "sannu" da "to madalla".

Ya fito mana da iri uku. Na farko ƙarami ne, mutum ya zauna ƙafafunsa na lilo a cikin ruwa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin kada. Ya ce a talabijin. Na ce to a mayar da wannan inda aka ɗauko shi. Na biyu shi ne wanda Alhaji ke mafarki: kujera ɗaya, ƙarafa sun riƙe robobin biyu, da filafili biyu a gefe. Yana ganinsa ya hau shafa shi kamar ragon layya. Na uku babba ne, kujera biyu, da daɓen katako, nauyinsa sai mutum biyu.

Mai shagon bai ɓoye mana komai ba, wannan zan faɗa. Ya nuna mana bakin ɗinkin, ya ce akwai wanda aka manne da gam, akwai wanda aka narka da wuta ya haɗe, kuma na gam ba ya jure ƙasa mai zafi, wata rana sai dai ka ga ya buɗe baki. Ya ce kada a cika masa iska tam da sanyin safiya a bar shi a rana, iskar tana kumbura ta fasa shi. Ya ce mu duba kowace roba ɗaki nawa ne a cikinta, don in ɗaya ya sace ɗayan ya riƙe mutum. Nauyin da aka rubuta a gefe kuma ba na mutum kaɗai ba ne, har da kayansa da kifin da ya kama. Na fito da ɗan littafina ina rubutawa. Hannuna ba ya sauri, sai da na kai arba'in na koyi riƙe biro a wajen matan ɗalibai a unguwar Khalidiyya, don haka na sa shi ya maimaita sau biyu. Alhaji yana ta tsaki a bayana, wai ina ɓata wa mutum lokaci.

Daga nan na kwance bakin gyalena na fito da abin da na taho da shi. Ku da kuke sayen busasshen kifi a wurina kun san kurungu, kun kuma san ƙayar da ke bayansa, wadda in ta soki ɗan yatsa sai an kwana ana jinya. A Yawuri cikin kifi goma da za ka jawo, da wuya ka rasa kurungu, kuma yana faɗowa jirgi ƙayar nan a miƙe take. Na nufi jirgin Alhaji da ita. Mai shago ya zabura ya sha gabana.

"La, la, ya Hajja, dan Allah. Wannan sabo ne."

Na ce masa sabo ne yau, amma a kogi ba wanda zai tambayi kurungu ko sabo ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga ciki ya kwaso guntayen robar faci na kowane jirgi. Na ɗora su a kan tebur na danna. Ta ƙaramin ta huje nan take. Sauran biyun sai da na sa ƙarfina duka, ƙayar ta bar tabo kawai. Alhaji ya gyara hula, ya ce to shi ke nan, a naɗe masa mai kujera ɗaya.

Na ce ba a gama ba. A gidanmu ba a sayen jirgi a tudu. Mahaifina in an sassaƙa masa sabo, sai ya kai shi ruwa, ya loda masa mutane, ya zagaya da shi, ya bar shi ya kwana a ruwa, kafin ya ce ya karɓa. Mai shagon ya ce yana da wani irinsa da ya sha jiki, wanda yake bayarwa haya, kuma yana da izinin masu tsaron gaɓa a wani lungun teku marar zurfi. In mun jira la'asar zai kai mu.

Muka yi salla, muka ci sayyadiya, shinkafar nan mai duhu da soyayyen kifi. Ta yi daɗi, amma kifin gishiri bai kama ƙafar giwan ruwa ba, ko me za su ce. Na jingina da bango na yi gyangyaɗi.

Wurin da ya kai mu ruwan garau yake, ana hango yashi a ƙasa. Ya hura jirgin da famfo, ya ba mu rigar nan mai hana nutsewa. Ni na fara shiga, da abayata, na tattare ta. Tuƙin nasu bambaraƙwai ne, mutum ya ba inda zai je baya yana jan filafili biyu. Cikin ɗan lokaci hannuna ya gane. Abin da ban so ba shi ne rashin nauyinsa. Kwalekwale yana zama a cikin ruwa, wannan kuwa a kan ruwa yake, iska kaɗan ta juya shi kamar ƙwarya. Na dawo na faɗa masa haka.

Sai Alhaji. Rigar tana da wata igiya da ake bi da ita ta tsakanin ƙafafu a ɗaure ta gaba. Shi kuma yana sanye da farar jallabiyarsa ta zuwa unguwa. In zai ɗaura igiyar dole ya tattare jallabiyar har cinya, ga wasu iyalai zaune a bakin ruwa suna shan gahawa. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane kamar mai shirin dambe ba. Mai shago ya roƙe shi, na yi magana, ya ce ai ya zura hannuwansa, ya isa.

Ya zauna, aka tura shi. Da farko har yana ɗaga mini hannu. Sai ya ja filafilin dama ya manta da na hagu, jirgi ya hau juyi a wuri ɗaya, iska kuma tana jan shi sannu a hankali zuwa tsakiya. Na ce masa ya saki komai ya zauna shiru. Bai ji ba, ko ya ji tsoro ya hana. Ya miƙe tsaye, abin da ko yaron goye a garinmu ya san ba a yi. Jirgin ya zame daga ƙarƙashinsa.

Rigar da bai ɗaure ba ta haye sama ta rufe masa fuska, jallabiya ta naɗe masa ƙafafu. Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Na iske shi yana dukan ruwa yana haɗiya, na damƙi wuyan rigarsa ta baya don kada ya riƙe ni mu tafi tare. Ruwan iyakarsa ƙirjina.

"Miƙe, Alhaji. Ƙasa tana ƙarƙashinka."

Ya miƙe yana tari, idanunsa jajur. Hularsa ta bi ruwa, ba mu sake ganinta ba. Mai shagon, Allah ya saka masa, sai ya juya baya ya hau naɗe igiya kamar bai ga komai ba. Masu gahawa ma suka kau da kai. Ba mu sayi komai ba. Na dai sa ya rubuta mini sunan mai kujera biyun da na mai ɗayan, duka masu narkakken ɗinki.

Muka shimfiɗa kwali a kujerun mota, muka kamo hanya a jiƙe, gishiri yana cin fatarmu.  Na shirya maganganu da yawa, kun san ni, amma da na dube shi a jiƙe, ba ko hula, sai na haɗiye su. Bayan mun yi magariba ne ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Hajiya, shekara ashirin da bakwai ina tuƙa mutane. Yi dama, yi hagu, tsaya nan, jira ni. In mun je garinku kowa ɗan ruwa ne. Ni kuma sai in zauna a gindin bishiya, a riƙa cewa ga mijin Hajiya can. Wuri nake so inda ba mai ce mini yi dama."

 Muka iso Sih bayan isha'i, na watsa ruwa, na shafa man zafi a ƙugu.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan ba shi da yawa. Mai son jirgin roba ya duba ɗinki, ya duba kauri, ya ƙirga ɗakunan iska, kada kuma ya karɓa sai ya zauna a cikinsa a kan ruwa. Amma duk wannan na jirgi ne, kuma jirgin da muka gwada bai yi laifin komai ba. Wata uku ina faɗa da roba, alhali mutumin da zai zauna a kanta ne ba a gyara ba. In na hana shi, zai saya a ɓoye ranar da na tafi biki, ya shiga kogi shi kaɗai da jallabiya.

Da safe na kira wata 'yar Nijar da ke aiki a wata istiraha a hanyar Khaibar, irin gidajen hutun nan masu katanga da ɗan tafkin yin iyo. Ta ce ranar Talata da safe ba kowa, mai wurin zai bayar. Na ce a riƙe mana duk Talata har Hajji. Sannan na ciro tsohon wandonsa na ajiye masa kusa da shayi. Na ce ranar da ya ratsa ruwan nan ya dawo sau goma ba tare da ya taɓa bango ba, ya zaɓi jirgin da yake so, ko mai kujera ɗayan ne, ba zan ce komai ba. Ya daɗe yana kallon wandon, sannan ya tambayi wanda zai koya masa.

Na ce ni, kuma da sa fuska a ruwa za mu fara.