Bujin Surukina Ya Yi Fari

A ƙasarmu ta Kurfai, mutumin da ya ba ka ɗiyarsa ya ɗinke maka baki. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kiran sunansa, ba ka kallon ƙwayar idonsa, kuma duk abin da ya faɗa amsarka ɗaya ce: “Haka ne, Baba.” To, ni makanike ne, Allah kuma ya haɗa ni da suruki direba.

Zamanin soja ne. Garajina wata rumfa ce a bayan tashar Filinge, shi kuma yana jigilar mutane zuwa Yamai a motarsa ta kansa, wadda da ita gidansa kaf ke cin tuwo. Dattijo ne mai kirki, amma yana da wani ciwo: ba ya iya jure wata mota ta wuce shi a hanya. Da samari suka fara shigowa da motocin da suka fi tasa sabunta, sai ya kai ta Yamai aka yi mata aikin ƙarin gudu. Aka fere kan injin, aka faɗaɗa mashigar iska, aka buɗe bututun hayaƙi. Da ya tsaya nan, da ban sami abin ba da labari ba. Sai ya dawo gida ya buɗe karbirata, inda mai ke haɗuwa da iska, da hannunsa. Akwai wata ƴar ƙwayar tagulla mai rami a tsakiya, wadda mai ke bi ya shiga inji, muna ce mata jikilar. Ya cire ta asali ya sa ƙarama, wai don mota ta yi gudu kuma ta rage shan mai.

Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, ya tara direbobi a tasha yana ba motar wuta.

“Su na Yamai rabin aiki sunka yi,” in ji shi. “Sauran ni nac cika shi da hannuna.”

Ina daga nesa ina ji. An ƙara wa inji iska an rage masa mai, kamar a ƙara wa jaki kaya a rage masa dusa. Zai yi zafi, zai riƙa ƙara a hawa, wata rana kuma fistin ya huje.

Bayan ƴan makonni ya aiko da motar a canza mai. Shi bai zo ba, suruki ba ya zama a rumfar mijin ɗiyarsa. Na kwance buji ɗaya, wato fulogin da ke ba inji wuta, na duba. Mu buji muke karantawa. In bakinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi launin soyayyar gujiya, lafiya lau. Wannan fari ne fat, har bakin ƙarfen ya fara cinyewa. Na kwance sauran, duk haka suke. Na daɗe a tsaye da su a tafin hannuna, ina jin haushin kaina da na motar da na duk wanda ya ƙirƙiro kunya.

Na gwada ta hanyar matata. Na zaunar da ita na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta tafi gidansu da la'asar. Da ta dawo na tambaye ta abin da ta faɗa.

“Na ce mishi kana gaishe shi, kuma ka ce motar tana son mai.”

“Shi kuma mi yac ce?”

“Ya yi dariya. Ya ce wace mota ce ba ta son mai?”

Ban ga laifinta ba. Ita ma ba za ta dubi ubanta ta ce aikin hannunsa ya ɓaci ba. Na je wurin wani abokinsa, tsohon direba mai sayar da taya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ba zai shiga tsakanin mutum da abin alfaharinsa ba.

Sai na yi abin da ya rage mini. Da motar ta sake zuwa, na cire ƙaramar ƙwayar na sa babba, na rufe na yi shiru. Ƙarar da take yi a hawa ta ɗauke. Amma mutumin da ya tsufa a kan sitiyari ya san abin da motarsa ke sha kamar yadda mace ta san hatsin rumbunta. Ba a daɗe ba na ji ta ta wuce bayan rumfata da tsohuwar ƙararta. Ya buɗe, ya gani, ya mayar da tasa. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Muka gaisa a masallaci, na durƙusa, ya tambayi yara.

A cikin wannan hali muke soja suka sauka daga mulki. Gari ya ɓarke da magana. Mutanen da a da ko sunan kwamanda ba sa iya ambata sai sun waiwaya, yanzu suna zagin gwamnati a bakin mai shayi. Ƴan lakwal, wato ɗalibai, suna yajin karatu, jam'iyyu suna yawo da lasifika. Kowa ya sami baki ban da ni. Zan iya tsayawa tsakiyar kasuwa in ce shugaban ƙasa bai iya ba, amma ba zan iya ce wa wani dattijo ramin ƙwayarsa ya yi ƙanƙanta ba.

Wata safiya a cikin bazara matata ta ce Baba zai tafi Yamai ba fasinja, zai ɗauko kaya, ya ce in ina da sayayyar garaji in zo mu tafi. Ba a taɓa yi ba. Ba kuma a ƙi. Na so in zauna a baya, ya nuna mini gaba da haɓa.

Ban taɓa zama wurin da ya matse ni kamar kujerar nan ba. Zafi ya sauko tun hantsi. Na kafa idona a kan gwiwoyina, kunnena kuwa yana cikin injin. Duk sanda ya taka, sai in ji ƙarar nan, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Allurar zafi tana hawa a hankali. A shingen jandarma na yi fatan su riƙe mu ko injin ya huce, sai suka gane shi suka ɗaga mana hannu. Maganar tana bakina, na haɗa ta, na gyara ta, na sa mata “Allah ya ba ka haƙuri” a gaba, amma ta ƙi fita.

Bayan mun wuce Bankuku, inda hanya ta miƙe, ya taka motar har ƙasa. Ya riƙe ta haka, sannan ya kashe injin tana cikin gudu, ya bar ta ta gangara gefe. Haka mu makanikai muke yi in muna son buji ya faɗi gaskiya. Ashe ya sani.

Ya fita ya ɗaga murfi, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya kwance buji ɗaya. Ya duba shi ya daɗe. Ya ajiye shi a kan ƙarfen gaba, daidai inda zan gani. Daga aljihun rigarsa ya fito da wani ƙullin leda ya ajiye kusa da shi. Sannan ya ɗauki butarsa, ya yi magana yana kallon daji.

“Zan kewaya. Zan daɗe.”

Ya nufi wata bishiyar gawo can nesa, ya zauna a inuwarta, ya juya wa hanya baya. Na kwance ƙullin. Babbar ƙwayar ce, wadda na taɓa sa masa.

Ƙarfe yana ƙona yatsuna na canza ta. Na mayar da buji, na rufe murfi, na koma kujerata na zauna kamar ban motsa ba. Ƙaramar ƙwayar na rasa inda zan sa ta, sai na jefa ta a aljihu. Da ya dawo ya tayar da mota, ya saurara, ya ce Bismillah. Har Yamai injin bai ƙara kuka ba.

Motar ta yi shekaru tana ci da gidan. Shi kuma har ƙarfinsa ya ƙare yana zama a tasha ranar kasuwa, yana gaya wa samari sirrin daɗewarta: ƙaramar ƙwayar da ya sa da hannunsa. Sau da yawa ina kusa. Wani lokaci wani saurayi ya juyo ya tambaye ni, tunda ni ne makanike, ko gaskiya ne. Dattijon sai ya dubi ƙasa, ni ma in dubi ƙasa, in ce haka ne. In yaron ya biyo ni rumfa daga baya yana son a sa masa irinta, sai in ce masa ba kowace mota ke ɗaukar wannan aikin ba.

Ya rasu da daɗewa. Ranar sadakarsa tsofaffin direbobi suka zauna suna tuna shi, aka zo kan motar, wani ya ce ba a taɓa hannu irin nasa ba, inji mai gudu da ƴar ƙwaya kamar ƙwayar gero. Suka juyo gare ni. Babu sauran wanda zan ji kunyarsa, ƙwayar kuma tana gida cikin gwangwanin kusoshina. Na buɗe baki, na ji abin da ya fito.

“Haka ne,” na ce.