Sabon Ludayin Da Aka Ba Ni A Tozai

Ni tsoho ne yanzu, alƙalami ma rawa yake yi a hannuna, amma akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na ga gara in faɗe shi ko wani ya amfana. Lokacin da abin ya faru ina saurayi, gemu bai gama tsirowa ba, Turawa kuma ba su daɗe da kama ƙasar nan ba. Gidanmu a Sakkwato gidan malamai ne da magatakarda, inda yaro ke sanin tsarki tun kafin ya iya gaisuwa. Da aka nemi waɗanda za a koya wa aikin magani, aka ba da ni. Na koyi wanke miki da ɗaure shi, sai aka turo ni Illela, bakin iyakar ƙasar Faransa, aka ba ni ɗaki guda na laka da akwatin magani. Mutane suka shiga kirana malamin asibiti, kaina kuwa ya kumbura.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina da ƙyanƙyami irin wanda ba ya jin lallashi. Jini, mugunya, amai, ko majinar yaro na gani sai zuciyata ta tashi. Ga tsoron najasa, kullum ina duban bakin rigata kada wani ɗigo ya ɓata mini salla. Sai na ƙirƙiro dabaru. In cika baki da kanumfari, in ja amawalin rawanina har kan hanci, in kama auduga da dogon hantsaki ina miƙa hannu daga nesa kamar mai juya nama a kan wuta. Jama'a suka ɗauka ƙasaita ce ta 'yan birni, ni ma na bar su a haka.

Farkon wata damina wani tsoho manomi ya fara zuwa daga Tozai a kan jakinsa. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, ya tsinke a ciki, wurin ya zama gyambo mai ruwa. Mutum ne mai barkwanci, ɗan malam yake ce mini, ni kuma in ce masa Baba. Ba ya zuwa hannu sake, sai da ƙwan zabi biyu ko uku a cikin hularsa. Yakan tsokane ni cewa da ya ba ni jikarsa, amma ba zai ba da mace ga wanda bai taɓa ganin hancinsa ba. Gyambon kuma ya fara kamewa, har muna maganar zai kama noman fari.

Rannan ina matsa gefen mikin sai ya fashe, mugunya ta fantsamo mini a hannu da hannun riga. Na ɗaure masa da gaggawa, na zagaya bayan ɗaki na yi ta amai. Na dirje hannu da ƙasa da toka har ya yi ja, na tuɓe rigar na ɗaga ta da kara na jefa kan danga, ina tofar da yawu ina cewa wannan wane irin wulaƙantaccen aiki ne aka jefa ni ciki. Da na waiwaya, ashe a gindin wata bishiya da ke bayan ɗakin tsohon ya ɗaure jakinsa, yana tsaye da igiya a hannu. Bai nuna ya ji komai ba. Ya yi mini godiya kamar kullum, ya hau ya tafi, bai sake dawowa ba.

A nan ne babban laifina yake, don da farko daɗi na ji. Na ce a raina ya warke, alhali na san ƙarya nake yi. Sai da kasuwa biyu ta ci, wani mutumin garinsu ya zo karɓar maganin zazzaɓi, ya gaya mini ƙafar Baba ta kumbura har gwiwa, gonarsa ta cika da ciyawa, an yi an yi a kawo shi ya ƙi, bai kuma faɗi dalili ba. Ni na san dalilin. Na ari doki na ɗauki akwatina na kama hanya, don na san ƙafar tana iya tafiya da shi gaba ɗaya.

Na same shi kwance a inuwar rumbu, matarsa, tsohuwa ita ma, tana wanke ƙafar da ruwan bagaruwa mai ɗumi, da hannunta tsirara, tana ba shi labarin wata akuyarta mai taurin kai. Wari ya tare ni tun daga bakin darni. Na durƙusa na tambaye shi me ya hana shi zuwa. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗan malam, na ga wahalad da kaka sha sabili da ni. Kai ɗan mutane na, ka baro gidanku. Ba ni so in zama sanadin da za ka ƙi abinci.”

Sai matar tasa, wadda nake ce wa Inna, ta wanke hannu ta damo fura. Ta miƙa wa mijinta tsohon ludayinsa, ni kuma ta shiga ɗaki ta ciro sabo fil daga kayan jerenta, ta ce in sha da kwanciyar rai, bakin kowa bai taɓa shi ba. Ba gori take yi mini ba, tausayina take ji, shi ya fi yi mini ciwo. Hawaye suka zubo mini. Na ajiye sabon, na jira Baba ya kurɓa, na karɓi nasa na sha da shi. Sannan na sauke amawali, na zubar da kanumfarin, na ce ta matsa mini in kama ƙafar.

Zuciyata ta tashi kamar kullum, Inna kuma ta gani. Ta gaya mini a hankali cewa ita ma kwanakin farko bayan rumbu take zagayawa ta yi amai, ta wanke baki ta dawo da fara'a. Ta ce in fara duban fuskarsa kafin ƙafarsa, in ja shi da hira, hanci shi yake fara gajiya ya ƙyale mutum. Haka na yi, haka kuma na yi ta zuwa Tozai har kaka. Allah Ya tsare ransa, gyambon ya warke, amma jinkirin nan ya sandarar da idon sawun, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da kawai ya ce shi ne yanzu da ya ga hancin nawa, ya fasa ba ni jikar.

Ƙyanƙyamin bai taɓa barina gaba ɗaya ba, har na bar aiki. Na dai gane ba zunubi ba ne, halittar ɗan Adam ce, kuma najasa ruwa ke kawar da ita a yi salla. Wanda ruwa ba ya wankewa shi ne abin da majinyaci ya gani a fuskarka. Ku yaranmu masu aikin jinya, in zuciya ta tashi ku fita ku sha iska, ba abin kunya ba ne, amma ku duba bayanku kafin ku tofar da yawu. Mai ciwo ya riga ku ƙyamar jikinsa, kuma mai kunya ba zai yi muku faɗa ba, zuwa kawai zai daina. Ni sai da aka ciro mini sabon ludayi na san haka, lokacin kuwa ƙafar Baba ta riga ta biya.