Shayin Sitt Ibtihal

Sitt Ibtihal, wato Malama Ibtihal, ta daɗe tana koyar da jinyar ƙuna a kwalejinmu da ke Mosul, ofishinta yana jikin nawa. Gajera ce mai saurin fushi, ɗalibai suna tsoronta kuma suna cinye mata alewar da ke kan tebur.

Da muka koma aiki bayan yaƙi, ta tsaya gaban aji kafin ta nuna hotunan raunuka, ta ce, "'Ya'yana, abin da za mu gani ba daɗi. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya fita."

Yarinya ɗaya ta miƙe, sunanta Tabarak, ajin duka ya bi ta da ido. Kafin la'asar an gama tsegumi: gidansu a tsohon gari yake, wuta ta ci ƙannenta, to me ya zaunar da su can cikin mayaƙa har ƙarshen yaƙi, mutanen wa ne su? Tabarak ta daina zuwa, ga shi ba a zama ma'aikaciyar jinya sai an ci wannan darasi.

Dakta Mu'ayyad, abokin aikinmu mai baki, ya ce, "Kin gani ko, uwar tausayi? A asibiti wa zai yi mata gargaɗi? Ki nuna kawai, su saba."

Ta ce, "Kai dai sha shayinka. Gargaɗin ba laifi, a gaban mutane da na sa ta tashi ne laifin."

Abin ya ci ta ƙwarai, na ga hawayenta. Daga ranar ta sauya tsari. Takan faɗi abin da ke tafe, sannan ta kori kowa waje shan shayi, ta kashe fitila. Wanda ya dawo ya dawo cikin duhu, ba mai sanin kujerar wa ta zama wayam. Wanda bai dawo ba, ta neme shi daga baya shi kaɗai.

Tabarak kuwa har gida ta bi ta. Ta ɗora hoton ƙuna a kan tabarma, ta rufe shi da tafin hannu.

"Ba zan ɗaga ba, 'yata. Ke za ki ɗaga, in kin shirya."

Ran nan shayi kawai suka sha. Sai a zuwa na gaba yarinyar ta ɗaga yatsan malamar guda ɗaya daga kan hoton, da haka har ta ci jarrabawa.

Sitt Ibtihal ta yi ritaya bara. A hunturun nan murhun kananzir ya ƙone Dakta Mu'ayyad a hannu, na raka shi wankin ciwo, muka tarar Tabarak ce a bakin aiki. Ta kama bakin bandejin, ta dakata.

"Dakta, zan buɗe. In kana so ka duba, in ba ka so ka kalli taga."

Mu'ayyad ya juya kai. Ya kalli taga.