Tulun da Na Zubar Bayan Danga

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, cikin kaka, saura shekara biyu Turawa su tattara nasu su bar mana ƙasa, aka ƙone dawar kakata a bakin gonarmu da ke hanyar gulbi. Shekarata tara. Malamin gona ya zo da malafarsa da gajeren wando, gardi, wato dogarin Baturen mulki, yana biye da shi, ya sa aka tara dammunan wuri ɗaya, har da ɗan damin da Kaka ta ware na iri. Kowane kai ka murza, baƙin gari ne zai zubo maka a tafi maimakon ƙwaya. Burtuntuna ke nan, ciwon da ke cinye cikin dawa ya bar toka a ɓawo. Kaka tana zaune kan kututture, ƙafarta ɗaure da tsumma, ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ni kuwa na laɓe bayan Baba ina kallon hayaƙi, don duk taron nan ni kaɗai na san abin da ya jawo.

Dawar nan gajeriya ce, ja, Kaka ta zo da ita daga Yelu a ƙullin zane tun tana amarya, shi ya sa a Gaya ake ce mata 'Yar Yelu. Ba ta da wani kyan gani, tuwonta duhu gare shi, mu yara har ƙorafi muke yi. Amma in ruwa ya ɗauke kwana ashirin, gonakin mutane suka yi fari, ita sai ta naɗe ganyenta kamar tabarma ta yi shiru, ran da aka sami yayyafi ta warware abinta. Kowace kaka, kafin a sa lauje, Kaka takan shiga gona ita kaɗai ta zaɓi kawuna masu nauyi, ta rataye su saman murhu hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. In shuka ta matso sai a kai dusa rugar Fulani da ke bayan gari a karɓo fitsarin shanu, a zuba a wani tsohon tulu bayan rumbu ya kwana bakwai. A ciki ake jiƙa irin gwargwadon lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu, sannan a shanya a inuwa. In muka toshe hanci takan ce, "Wari ba shi kisa, yunwa ka kisa." Ta kuma tambayi limamin unguwa tun da daɗewa, ya ce mata fitsarin saniya ba najasa ba ne.

Shekarar nan kurkunu ya kwantar da ita, aikin ya faɗo kaina. Ina cikin 'yan matan da aka kama aka sa lakwal, wato makarantar boko, saboda haka da asuba nake zuwa ruga da ƙwarya, in dawo in yi shara, in ɗauki allona in ruga. Wata safiya ƙwaryar ta yi tangaɗi ta jiƙa mini zane, ba ni kuwa da na canji. Mushe, malaminmu, dogon mutum mai yawan turare, ya tsaya daidai bencina ya kama hanci. Wata 'yar maƙwabtanmu da ke ajin ta faɗa masa abin da ake yi a gidanmu. Ya tsayar da ni gaban aji ya yi dogon bayani da Faransanci, sannan ya maimaita da gurguwar Hausarsa don kada wani ya rasa rabonsa na dariya, ya ce irin wannan duhun kai ne ya hana baƙar fata ci gaba. Ya kore ni gindin ɗorawa har aka tashi. Daga ranar na zama Ladi Fitsari. In an zauna 'yar carafke ba mai taɓa dutsen da na taɓa, in an yi da'irar gaɗa sai a bar gurbi dama da haguna. Har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake yi, ya san ilimin duniya bai san zuciyar yaro ba.

Da ruwan shuka ya sauka, Kaka ta kira ni daga kan gadonta ta ce in je in jiƙa iri. Na je bayan rumbu, na buɗe tulun, warin ya buge ni, sai na ji kamar duk ajinmu suna tsaye bayana. Na kinkime shi na tuttular a bayan danga, na jawo ruwan rijiya na jiƙa dawar a ciki. Wayon banza bai bar ni ba, na lakato ragowar da ke gindin tulun na shafe bakin ƙwarya, don na san za ta shinshina. Ta kuwa shinshina, ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Washegari Baba ya shuka.

Damina ta yi kyau, dawa ta fid da kai, sannan baƙin ya bayyana. Labari ya kai kunnen malamin gona, shi ne aka yi abin da aka yi ranar Alhamis ɗin. Wuta na ci, Baba ya juya wurin mahaifiyarsa a gaban mutane, ya ce, "Inna, ga abin da tsubbunki ya ja muna." Kaka ta dubi tafin hannunta ta ce, "Shekara arba'in ina yi nai, bai taɓa ƙi ba. Ƙila hannuna ne ya mutu." Maƙwabtan da ta taɓa ba su irin suka ji tsoron gardi, suka daka nasu suka tuƙa tuwo. Aka ba mu wani sabon iri fari, dogo, an barbaɗe shi da jan magani. Gaskiya ita ce bai yi burtuntuna ba. Amma damina ta gaba ruwa ya ɗauke daidai lokacin fure, ya bushe a tsaye kamar karan da aka kafa. Baba ya sayar da jakinsa ya haye gulbi neman dako, mu kuma muka ƙare shekara da tafasa da ganyen rama.

Kaka ba ta sake shiga gona ba. Matan da ke zuwa neman shawararta suka ɗauke ƙafa. Sau uku ina zuwa bakin ɗakinta da niyyar faɗa mata, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko tana son ruwa. Ta rasu bayan damina biyu, ban faɗa ba.

Bara jikana Sani, mai karatun aikin gona a jami'a, ya zo da ƙananan jakunkuna yana bin tsofaffi gida gida. Wai yanzu masana suna neman tsoffin iri masu jure fari, suna son gano abin da ke sa wata dawa ta naɗe ganye ta rayu, wata ta mutu. Har ya ce mini, yana murna kamar shi ya ƙirƙiro, an gwada jiƙa iri a fitsarin shanu an ga yana rage burtuntuna. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Abin da aka kore ni gindin ɗorawa dominsa, yau shi ake shiga aji a koya. Ya ce, "Kaka, ko ƙwaya goma ba a samu ta 'Yar Yelu?" Sai na zaunar da shi na ba shi labarin tulun, shi ne mutum na farko da ya taɓa ji. Ya rubuta sunan dawar a littafinsa, gurbin da ke gabansa na rubuta yawan irin da aka samu ya bar shi fari. Kakata ta tafi tana zargin hannunta, ni kuma ta bar ni da albarkar da ban cancanta ba.