Yajaira Urdaneta da Teburin Ɗaurin Ayaka

Haihuwa da Karatu

An haifi Yajaira Urdaneta a shekarar 1958 a garin Cabimas da ke bakin tafki a ƙasar Venezuela. Mahaifinta Eudomar masunci ne, mahaifiyarta Nélida kuma tela. Ta kammala firamare a 1971, daga nan ta kama aikin girki a makarantar da ta yaye ta, inda ta shahara da daɗin hannu da kuma baki, domin ba a taɓa kayar da ita a musu ba.

Aure da Hijira

A 1980 ta auri Hermágoras Chirinos, mai walda, wanda ake jiyo dariyarsa tun daga bakin tafki. A 2018, da rayuwa ta gagara, suka yi hijira zuwa Trujillo ta ƙasar Peru. A can mutumin nan ya juya wa duniya baya: wata bakwai yana kallon bango, ba magana, abinci sai an matsa masa. Ya ƙi zuwa asibiti, likita kuwa ta gaya wa Yajaira cewa in aka ci gaba a haka za su rasa shi.

Teburin Ayaka

A Disambar shekarar aka zauna haɗa ayaka, ƙullin masara da naman nan da mu 'yan Venezuela muke naɗewa a ganyen ayaba, wanda ba ya yiwuwa sai da hannu da yawa. Yajaira ta zaunar da surukinta, mijin 'yarta, a gaban Hermágoras, ta raɗa masa ya ɓata ɗaurin da gangan. A ɗauri na huɗu Hermágoras ya daka tsawa: "Kai, haka ake ɗauri a gidanku? Miƙo zaren nan kafin ka kunyata mu!" Yajaira ta yar da ludayi, ta daka tsalle tana ihu tana kuka, har maƙwabta suka shigo a guje!

Tun daga ranar ba ta sake ce wa wani baƙo ta zo taimakonsa ba. Sai ta buga ƙofar wanda ya kulle kansa a ɗaki ta ce, "Ɗana, taso, ina neman ƙarin hannu ɗaya a teburin ayaka." Teburin ya koma na kowace Lahadi, ya cika ya batse, likitar ma ta riƙa zuwa tana wankin ganye, tana sauraron waɗanda da ko kusa da ofishinta ba sa bi.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2024, aka binne ta a Trujillo, cikin taron da ya toshe titi. Ta bar 'ya'ya uku, Ender da Maryoris da Yoleida, da jikoki bakwai, da mijinta Hermágoras, wanda 'ya'yan suka ji tsoron zai koma kallon bango. Ran Lahadi ta biyu bayan rasuwar aka gan shi da zare a aljihu, yana buga ƙofar wani sabon zuwa yana cewa, "Taso, ɗan'uwa, yau hannu biyu muka rasa a teburi."