Shekara shida babu Saude, babu abokiyar shawarar magani

Shekara shida ke nan da rasuwar aminiyata Saude. Tare muka yi makarantar koyon aikin lafiya. Aka tura ta ƙaramin asibiti a Turawa ta ƙasar Karaye, ni kuma aka kawo ni Zoza ta ƙasar Rogo. Babu likita a wajenta, babu a wajena. Duk wanda ya shigo da tari ko gudawa ko zafin fitsari, mu ne masu zaɓar maganin da zai sha. Idan abu ya shige mini duhu, sai in zaga bayan ɗakin magani in kira ta a waya.

Ita ta fara lura cewa kafson da muka saba bayarwa ya soma daina ci. Mutane na saye a kyamis, su sha biyu su ajiye saura, har shanu ana ɗura wa. Ƙwayoyin cuta suka saba da shi. Daga nan ta daina ba mai mura kafso, aka yi ta jin haushinta. Wani dattijo ya ce rowar maganin gwamnati take yi. Ta ce, "Baba, ajiye maka nake yi, don ranar da kake buƙatarsa ya yi maka aiki."

Wajen haihuwa aka yi mata aiki, ciwon ya ƙi warkewa. A Kano aka yi ta canja mata allura. Kowacce aka kawo sai ta ce in karanta mata sunanta. Da na karanta ta ƙarshe, sai ta ce, "Binta, daga wannan babu wata." Ban iya yi mata musu ba, don ta fi ni sani.

Da tana raye, ban san me za ta ce da halin da muke ciki yau ba. Maganin da a zamaninta muke ɓoyewa sai ta ɓaci, yanzu a tire ake tallarsa ranar kasuwa.

Da daminar bara aka kawo mini wata Bafulatana mai ciki, fitsari na ƙona ta, ga zazzaɓi. Ta riga ta sha magani iri biyu a gida. Na daɗe ina duban kantar magani, babu wanda zan tambaya. Na ba ta wanda na fi amincewa da shi ga mai ciki, na roƙi mijinta ya bar noma ya kai ta birni a yi gwaji. Da ƙyar ya yarda. Gwajin ya nuna wanda na bayar ba zai ci ba, aka canja mata. Ta haihu lafiya.

Ranar da na ji labarin, farin ciki ya cika ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ban gina wa Saude ɗaki ko masallaci ba, balle a rubuta sunanta. Abin da ya rage nata a wajena shi ne tsoron miƙa magani da ka. Sai na hau babur zuwa Unguwar Hajji, gidan mahaifiyarta. Bayan mun gaisa na zauna ina zuba mata sunayen magunguna, har na tuna ba ta san ko ɗaya ba. Na yi shiru.

Ta gyara zama, ta ce, "Ci gaba, 'yar nan. Na daɗe ban ji irin wannan magana a gidan nan ba."