Lorne da Jerin Ma'aunin Kogi

Lorne Gauthier ya tsufa ne a wani ƙaramin ofis a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, yana rubuta manhajar da ke lura da hawan ruwan kogin Red River. Mutum ne mara yawan magana, mai riga ɗaya kamar ba shi da wata. A teburin da ke gefensa Oksana Hrycak take, mace mai dariya da ƙarfi, wadda ke kawo masa perogi, wani abincin fulawa mai haɗi a ciki da mahaifiyarta ke yi, tana cewa ramarsa abin kunya ce ga ofis.

Wata shekara ƙanƙara ta narke da wuri, ma'aunan ruwan kogin suka riƙa turo bayanai ba ƙaƙƙautawa, manhajar ta kama jan ciki. Duk sanda za ta haɗa jerin bayanai biyu, irin jerin nan mai ƙaruwa da ake kira vector, sai ta kwafe kowane abu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zubar da na asali. Oksana ta jawo kujerarta ta leƙa allonsa.

"Kai dattijo, in za ka tashi daga gida, sabbin kujeru kake sassaƙawa ka ƙone tsofaffin? Ɗauke su kawai ka kai can."

Ta sa ya ware wa babban jerin isasshen wuri tun farko, suka kwashe kayan ƙaramin da std::move, umarnin matsar da kaya, suka zuba ciki, ba kwafi ko ɗaya. Aiki ya tashi da gudu. Lorne ya so ya gaya mata abin da ke zuciyarsa a ranar, amma da ya buɗe baki sai ya tambaye ta ko an share jerin da aka bari fanko. Ta dube shi jim kaɗan, ta ce an share.

Da lokacin kaka ya zo, Oksana ta koma garin Dauphin jinyar mahaifiyarta, can kuma ta auri wani manomi. A ofis aka ɗora na'urar buga takardu a kan teburinta.

Lorne bai yi aure ba. Bayan ya ajiye aiki ya sayi ɗan gida a bakin kogi. Duk shekara, in ƙanƙara ta fara tsagewa, yakan kira Oksana a waya ya faɗa mata inda ruwa ya kai. Takan saurara har ƙarshe, ta ce ya kula da gwiwoyinsa, jikoki na ta hayaniya a bayanta. In ta kashe, yakan daɗe a tsaye bakin taga da wayar a hannu.